Ranar da Malama Ta Ƙirga Biyar

Shekara talatin da huɗu Malama ta yi tana koyarwa a firamare, kuma abin da take tinƙaho da shi guda ne: ba ta taɓa ɓatar da ɗan kowa ba. Ta kai 'yan aji uku gidan namun daji, ta kai 'yan aji shida kallon jirgin sama, ta taɓa kwasar yara sittin da biyu a mota biyu ta dawo da su cif. Dabararta ba ɓoyayya ba ce. Ita ce ta ƙarshen shiga mota, ta tsaya daga baya, ta miƙa yatsa ta ƙirga kawuna. Ba ta duban fuska, wai fuska ɓata lokaci ce, yaro ya yi maka murmushi ka manta inda ka tsaya. Ko da ta yi ritaya halin bai sake ta ba. In baƙi suka cika mata falo sai ka ga leɓenta na motsi, ka ɗauka addu'a take yi, ashe mutane take ƙirgawa.

Mijinta kuwa Mai Agogo ake ce masa. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago a bakin kasuwa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan ƙusoshi da hantsaki. Mutum ne marar hayaniya, wanda in ya yi magana biyar a wuni an ce yau Malam ya yi surutu. Shirun nan ne ya taimaki Malama wajen rufa abin da ta daɗe tana rufawa.

Wata rana da hantsi ta kai masa abinci shago, ta same shi ya kwance agogon wani ya jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle, yana kallonsu kamar bai taɓa ganin irinsu ba. Ya ɗago ya ce, "Malama, wanne ne ke fara shiga?" Ta tattara su a gwangwani, ta ce wa mai agogon abinsa ya wuce gyara. Bayan haka sai ya fara dawowa gida ta layin da ba nasu ba, ya fara zubar da takardu a kwandon shara, har da katin asibiti. Ta rufe shagon ta ce wa kowa idonsa ne ya yi rauni. Wata safiya da tunaninsa ya ɗan washe, ya riƙe hannunta ya ce, "Kada ki gaya wa yara. Bari su ci gaba da ganina yadda suka san ni." Ta yi masa alkawari. In yaran suka bugo waya ita ke riƙewa, ita ke amsa masa rabin tambayoyin, su kuwa suna dariya wai Mama ba ta barin Baba ya yi magana.

To, sai ga Auta da albishir. Ita ce ƙaramarsu, tana aikin ba da magani a wani gari mai nisa, ta ce ta ɗauki nauyin kai iyayenta hutu ƙasar waje, ita da mijinta da 'yarsu mai shekara shida. Malama ta kawo uzurin gwiwa, ta kawo na sanyi, ta kawo na tsoron jirgi. Auta ta gaji taurin kan uwarta, ta ce tikiti dai an riga an yanka. Haka Malama ta hau jirgi, tana ce wa kanta kwana bakwai ne kawai, wadda ta tsare yara sittin da biyu ai dattijo guda ba zai gagare ta ba.

Washegarin saukarsu, a gaban teburin masauki, Auta ta raba wa kowa ɗan kati mai ɗauke da sunan otal da lambar waya.

"Kowa ya sa a aljihu. Ko da an rabu, sai a nuna wa mai tasi."

Mai Agogo ya karɓa ya sa a aljihun kwat. Da Auta ta juya, Malama ta zare katin ta jefa a jakarta, inda fasfonsa da wayarsa suke tun daga gida. Ta san shi, kwandon shara na farko da zai gani, can katin zai kwana.

Motar yawon buɗe ido mai hawa biyu ce, samanta a buɗe. Jagorar tafiyar, wata doguwar mata mai laima ja, ta raba wa kowa hula ruwan ɗorawa don a riƙa gane juna. Gari ne mai sanyi, kowa ya ƙudundune cikin baƙar kwat, an naɗe wuya har kunne. Aka ga tsohuwar ganuwa, aka ga wani lambu da aka aske itatuwansa kamar kan ɗan makaranta, aka ga gine-ginen da sai ka riƙe hula kafin ka hango ƙarshensu. Malama ba ta ga komai ba. Hannunta na cikin na mijinta, a hau ta ƙirga, a sauka ta ƙirga. Surukinta, mijin Auta, har ya tsokane ta.

"Mama, mu biyar ne fa, ba mu ƙaru ba tun safe."

"Kai dai kalli gininka," in ji ta.

Wajen ƙarfe ɗaya aka tsaya a wani babban dandali mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya da tantabaru ba iyaka, kogi na wucewa ta gefensa. Jagora ta ce minti ashirin. Auta da mijinta suka tafi ɗaukar hoto, sai jikar ta fara rawar da kowace malamar firamare ta sani, ƙafa kan ƙafa.

"Kaka, fitsari."

Malama ta zaunar da mijinta a benci kusa da ruwan. "Malam, zauna nan. Kada ka tashi, yanzu zan dawo."

"Ina zan je?" ya ce, yana murmushi wa tantabarun.

Layin ban-ɗakin ya yi tsawo, ga ƙofar ba ta buɗewa sai an taɓa wani abu da Malama ta kasa ganewa sai da wata ta nuna mata. Da suka fito, jar laima na can sama tana kaɗawa, 'yan hula ruwan ɗorawa na tururuwa zuwa mota. Ta leƙa bencin ta cikin mutane, ba kowa. Kafin ta buɗe baki suruki ya ɗago mata hannu daga ƙofar mota.

"Ku taho, Mama! Baba ya hau, na hango hularsa a sama."

Ita ce ta ƙarshen hawa, kamar kullum. Ta tsaya a bayan motar tana haki, ta miƙa yatsa. Auta ɗaya. Suruki biyu. Yarinya uku. Ita kanta huɗu. Can gaba ta hannun dama, hula ruwan ɗorawa, furfura a ƙeya, baƙar kwat, kafaɗa a ɗan ranƙwafe. Biyar. Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a kujerar da ta rage. A karon farko tun safe ta ɗaga ido ta kalli garin. Suka haye wata doguwar gada, jiragen ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu, har ta ce a ranta lallai wurin nan da kyau.

Sun yi kusan rabin awa suna tafiya sai mai furfurar ya juyo zai yi wa na bayansa magana. Yana da gashin baki. Yana da tabarau. Malama ba ta taɓa ganinsa ba a duniya.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuskoki, mota na jijjiga ta, ta sauka ƙasa ta duba, ta sake hawowa.

"Auta. Babanku ba ya cikin motar nan."

"Kamar yaya ba ya ciki? Ba kin ƙirga ba?"

Suruki ya dafe kai yana salati, yana cewa wallahi shi hula ya gani. Auta ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ta ciro waya ta buga lambar uban. Sai ƙara ta tashi daga cikin jakar Malama.

Auta ta dubi jakar, ta dubi uwarta. "To, ba komai. Yana da katin otal, Baba ai ba yaro ba ne, zai nuna wa mai tasi."

Malama ta buɗe jakar ta ciro katin.

"Mama, me ya sa katinsa yake wurinki?"

"Mu sauka tukuna."

Jagora ta ce motar ba ta komawa baya, zagaye take yi, sai bayan awa biyu za ta sake bi ta dandalin. Suka sauka a tsakiyar wata unguwa suka tari tasi, tasi ta shiga cunkoso ta tsaya cak. Tsoro irin wanda Malama ba ta taɓa sani ba ya kama ta. Mutumin da ke ɓata a layin da ya yi shekara arba'in yana bi, yau ga shi a garin da ko ruwa bai san yadda ake roƙo ba, ba takarda, ba waya, wataƙila ma ba sunan kansa. Ta tuna jiragen ƙasan garin masu bin tsakiyar titi ba ƙara, sai dai ka gan su a kanka. Ta tuna matakalar da ta gani tana gangarawa cikin kogi ba shinge. Auta na ta jero tambayoyi, ita kuwa addu'a take yi, wannan karon ta gaske.

Da suka isa dandalin, wasu 'yan mata biyu ne ke cin abinci a bencin. Suruki ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya nufi wani ɗan sanda yana nuna masa hoto a waya, Auta ta bi shaguna. Malama ta tsaya a tsakiyar dandalin tana juyawa.

"Malam! Malam!"

Tantabaru suka tashi, mutane suka kalle ta suka wuce. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara arba'in da ɗaya na aure. Ta buɗe murya ta kira shi da sunansa na yanka, sau uku, da muryar nan da take tsayar da filin makaranta. Ba wanda ya waiwayo.

A saman matakalar kogin ta ga hular, ruwan ɗorawa, an taka ta. Ta dafa bango ta leƙa. Ruwan baƙi ne, yana tafiya a hankali, ba komai a kansa sai wani ganye. Ta ji Auta ta iso bayanta, ita ma ta tsaya tana kallon hular.

A daidai nan ne kunnen Malama ya tsinto wata hayaniya daga wani lungu bayan shagunan. Ko a wace ƙasa, ko da wane harshe, ta san wannan ƙarar: an kaɗa ƙararrawa, an saki yara. Ba ta tsaya bayani ba, ta kama hannun Auta ta ja ta, gwiwar da take kuka da ita ta manta da ciwonta.

A ƙarshen lungun akwai ƙofar ƙarfe koriya, iyaye sun yi cincirindo a gabanta, yara na fitowa da jakunkuna a baya. Yana nan a cikinsu, kansa ba hula, hannuwansa a baya, yana leƙa fuskar kowace yarinya da ta fito. Haka yake tsayawa shekaru talatin da suka wuce, lokacin da yakan rufe shago da azahar ya je ɗauko Auta a kan keke.

Malama ta riƙe hannun kwat ɗinsa da hannu biyu. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

"Malama, kin zo?" ya ce, ransa a ɗan ɓace. "Duk yara sun fito ban ga Auta ba. Tun ɗazu nake tambaya, ba mai ba ni amsa."

Auta na tsaye a gabansa, taku ɗaya tsakaninsu. "Baba," ta ce. "Baba, ga ni."

Ya dube ta da ladabi, irin duban da yake yi wa mai kawo gyara, sannan ya mayar da idonsa kan ƙofar.

Auta ta juyo ga uwarta. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da wata huɗu."

"Ke kaɗai?"

"Shi ya ce kada in faɗa muku."

Auta ta rufe bakinta da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Mai gadin makarantar ya fara jan ƙofar zai rufe, Mai Agogo ya yunƙura zai tare shi, hankalinsa a tashe, yana cewa akwai saura, akwai yarinya a ciki. Sai Auta ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta matsa ta ɗan rusuna a gabansa.

"Baba, an riga an ɗauke ta. Tana gida lafiya lau, har ta ci abinci."

Ya tsaya. "Kin tabbata? Da idonki kika gan ta?"

"Da idona."

Kafaɗunsa suka sauka, fuskarsa ta saki. "Alhamdu lillahi. Yarinyar tana da tsoro, ba ta son a bar ta ita kaɗai." Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya yi mata murmushi. "Na gode, 'yan mata. Allah ya yi miki albarka. 'Yar gidan wa ce ke?"