Yumɓu Ne, Ba Itace Ba

Shekarar da aka yi wa mijina bulala a kan lofe, ina goyon ɗiyata ta fari. Na tsufa yanzu, haƙora sun zube, amma in abin ya faɗo mini a rai sai in ji zuciyata tana tafasa kamar jiya aka yi.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Rabah da Wurno, kusa da gulbi. A bayan gari akwai bariki inda Bature ke sauka in ya fito rangadi. Da an ce yana tafe, sai a kwashi maza a kai su gyaran jinka da sharar fili, ba ko sannu. A wannan karon har da mijina. Bature ya kwana biyu ya wuce Goronyo, sai ga ɗan aike ya komo a guje, wai lofen shan tabar Bature ya ɓata a bariki. Baƙi ne, na wani itacen ƙasarsu, a nemo shi kafin ya dawo.

Dogarai suka bi gidajen waɗanda suka yi aikin. A jakar mijina suka tarar da lofe baƙi wuluk, mai sheƙi, da sabon karan zuƙa. Ko tambaya ba su yi ba, suka tasa shi gaba.

Lofen nan na innata ne. Da ƙuruciyarta maginiyar tukwane ce, a hannunta na koya. Ita ta gina shi tun ba a haife ni ba, ta goge shi da ƙwallon kuka, ta yayyafa masa ruwan bagaruwa yana fitowa daga wuta, shekaru da maiƙon hannu suka ƙarasa sauran. Da girma ya zo ta bar gini, ta zama ita ke koya wa matan gari alwala da karatun salla, har daga ƙauyuka ake zuwa wurinta. A ƙasarmu kuwa malamai sun ƙi taba ƙi mai tsanani. Don haka a bayan rumbu take sha, ni kaɗai na sani. Da karan ya tsage, ni na kai wa mijina ya sassaƙa wani. Ya karɓa bai tambayi mai shi ba, ni ma ban faɗa ba, amma ya gane.

A zauren uban ƙasa aka ce da shi, “Na wa na?” Ya ce nasa ne. Duk garin an san ko goro bai dame shi ba, balle taba. Aka ce, “To ina kas samo shi?” Sai ya sunkuyar da kai. Mutumin da in ya hango innata a hanya yake ratsewa cikin gero don kunya, shi ne zai buɗe baki gaban dattawa ya ce surukarsa na zuƙar hayaƙi? Aka kwantar da shi a ƙofar fada ranar kasuwa aka zane shi, aka ce in Bature ya dawo sai gidan yari a Sakkwato.

Na tafi wurin innata ina kuka. Tana zaune a kan buzu tana jan tasbaha. Na ce, “Inna, kin ji abin da anka yi mai? Kalma guda za ki hwaɗi a sake shi.” Ta ce, “Allah na gani, ɗiyata.” Na ce, “Allah na gani, ke ma kina gani!” Ta ci gaba da jan tasbaharta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, kuma ban ji na yi laifi ba.

Na kai wa mijina fura inda aka tsare shi. Bayansa duk ya kumbura, a kife yake kwance. Kafin in yi magana ya ce, “Kar ki kuskura ki ambaci tsohuwa. Ni nas san abin da ni ka yi.” Wai ya san abin da yake yi. Na dube shi, na rasa ko tausayinsa zan ji ko in kifa masa ƙwaryar a ka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ko yarinyar da ta fara murza yumɓu ta san bambancin laka da itace. Itace in ka jefa shi a ruwa sai ya taso, gasasshiyar laka sai ta nutse. In ka ƙwanƙwasa a haƙori, laka tana amsawa, itace ba ya amsawa. Amma manyan mutane masu rawuna sun ɗora lofen a kan faifai sun rufe da farin ƙyalle, babu mai iya kai masa hannu, wai kayan Bature ne. Baturen da ko ganin abin bai yi ba.

Rana ta uku na ɗaura goyona na shiga zauren ba sallama. Dogari ya daka mini tsawa, na wuce shi. Na durƙusa gaban uban ƙasa da alƙalinsa na ce, “Ranka shi daɗe, a kawo ruwa cikin ƙwarya a sa lohen nan, a ga in itace na.” Alƙali ya ce, “Ke, kayan Bature za a sa a ruwa? In yal lalace wa za shi amsa?” Sai na miƙe, na yaye ƙyallen, na ɗauki lofen na buga shi da ƙasa iya ƙarfina.

Ya tarwatse. Cikinsa ja ne jawur, ga ƙwayoyin rairayi suna ƙyalli. Wani dattijo ya ɗauki gutsure ɗaya ya ɗora a harshe, ya manne masa. Ya ce, “Wallahi laka ta, ta bakin gulbinmu.” Na ɗauka an gama, ashe da saura. Alƙali, don ya wanke kunyarsa, ya ce ba za a saki mutum ba sai an ji wa ya gina, wa ke sha. Na waiga na ga an shigo da mijina, yana girgiza mini kai. Na ce, “Innata tag gina shi, ita ka sha.” Wani a bakin ƙofa ya ƙyalƙyale da dariya.

Aka sake shi. A hanya ina riƙe da shi don ba ya iya miƙewa sosai, ya ce, “Da kin bari sun kai ni Sakkwato, da ya hi mini sauƙi.” Na gyara riƙon da na yi masa, muka nufi gida.

Bature ya dawo bayan mako guda, ko maganar bai tayar ba. A bakin kukunsa aka ji cewa tun ranar da suka isa Goronyo aka ga lofen nasa cikin akwatin tufafi. Babu wanda ya ga ya dace a aiko a faɗa.

Mata suka daina zuwa karatu wurin innata, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda rabinsu na san abin da suke yi a bayan nasu rumbunan. Kafin kaka ta tattara ta koma Rara wurin ƙanenta. Na je sau uku, tana amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa. Har yau ban yi nadama ba, kuma har yau ina fushi da su duka, da Baturen, da masu rawuna, da mijina, da ita. Damina biyu bayan haka ta rasu. Na isa da gudu, zan shiga ɗakin, matar kawuna ta tare ƙofa. Ta ce marigayiya ta bar wasiyya kada in sa hannu a wankanta. Na zauna a tsakar gida, ina jin wasu mata suna zuba mata ruwa.