Daɓen da Na Fasa a Ƙasar Kuyello

Talata: Kaduna zuwa Birnin Gwari

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na kulle ɗakina, na bar wa maƙwabciyata makulli da amanar kajina, na nufi tasha da ƙullin kayana a ka. Takarda ce ta fitar da ni, daga autata Hajara, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Kuyello. Da kaina na karanta. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata na daina kai wa kowa wasiƙata ya karanta mini ya rage abin da ya ga dama. Ta ce cikinta wata bakwai, kai na sara mata kullum, ga jiri, ga amai, idanu na ta ruwa, an kuma ce mata laulayi ne. Na haifi takwas. Ban taɓa ganin laulayin da ya jira wata bakwai kafin ya zo ba.

Babbar mota ce mai bodin katako. Direba ya rantse ƙarfe shida zai tashi, muka tashi bakwai da kwata. A Buruku 'yan doka sun gitta gora a hanya, aka sauke mu duka. Ɗaya ya zunguri ƙullina da sanda, ya kwance, ya tarar da kuka da daddawa da zanen goyo. Ya tambayi inda za ni, na ce wurin 'yata, ko ita ma sai da takardar izini? Ya ɗaure mini kayan da hannunsa.

Sha ɗaya da rabi muka tsaya Udawa. Ina shan fura mai tsami direba ya ji na ambaci Kuyello.

"Iya, da buhu za ki tafi," in ji shi. "Gwamnati na haƙar zinariya a can."

"Kai ka gani?"

"Ni ake ɗora wa gangunan. Nauyi kamar dutse, an liƙe baki. Masu haƙar kuma duk sun rufe fuska da tsumma. In ba ɓarawo ba, wa ke rufe fuska da rana?"

Na ce ban taɓa jin gwamnati ta sami zinariya ta ɗora wa mai rantsuwar ƙarfe shida ba. 'Yan mota suka yi dariya, shi bai yi ba. Amma maganar tsumman ta tsaya mini a rai.

Daga nan daji ne, itatuwan doka da maɗaci sun rufe hanya, ƙudan tsando na bin mota yana cizonmu ta cikin zane. Na ƙirga duwatsun mil saba'in da wani abu, ban da waɗanda gyangyaɗi ya sace mini. Uku da rabi muka shiga Birnin Gwari. Na sauka gidan wata 'yar ɗakin marigayiya yayata, ta ba ni tuwon dawa da miyar kuka. Da na tambaye ta labarin ƙauyen su Hajara sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Na leƙa, murhun a mace yake.

Laraba: Birnin Gwari zuwa ƙauye

Ƙarfe takwas na sami akori-kura mai zuwa Kuyello. Hanyar burji ce, tsakiyar bazara, zafi kamar a bakin murhu. Sau biyu maza suka sauka suka tura. Ƙarfe ɗaya muka isa. Saura mil huɗu, kuma ƙafa ce motarsu.

Allah ya haɗa ni da Maryamu, wata mai ginin tukwane, Kirista, tana dawowa daga kasuwa da kayanta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Ta san Hajara, bayan gidansu take. Ita ta ba ni labarin da kowa ke haɗiyewa. Shekarun baya waɗansu masu feshin maganin ƙwari sun yi sansani a bakin dajin, suka tashi suka bar ganguna ƙarƙashin wata ɗorawa. Tsatsa ta cinye su, maganin ya tsiyaye ƙasa ta sha. Ɗorawar ta mutu. Ciyawa ba ta fitowa a wurin, gara ba ta zuwa, ko tururuwa kewayewa take yi. Na tambaye ta ina ruwan Hajara da wannan. Ta sauya wa kayanta kafaɗa.

"Ni dai ban gina tukunya da ƙasar ba, Gwaggo. A garin nan nake kwana. Ki shiga da hancinki a buɗe."

Wurin yana gefen hanya, kafin gari. Tun daga nesa warin ya tare ni, kamar kananzir da aka gauraya da wani abu mai ɗaci, yana kama maƙogwaro. Maza shida na haƙa da diga da shebur, tsumma jiƙaƙƙe a hanci. Waɗansu na turawa a baro zuwa wani faffaɗan fa, shimfiɗaɗɗen dutse can nesa da rafi, suna baza ƙasar siririya kamar shanyar gari, suna juyawa da manjagara. Wadda ta yi baƙi ƙirin kuwa a sababbin ganguna ake durawa a liƙe.

Shugabansu duba-gari ne, saurayi dogo mai gajeren wando. Ya ɗaga mini hannu in koma baya, na matsa gaba. Na ce ya gaya mini me suke kwashewa, kuma in zinariya ce ya faɗa, ni ba rabo nake nema ba. Ya ce guba ce. Rabinta mai tashi ce, in an baza ta rana da iska su zuƙe ta cikin kwanaki, shi ya sa suka zaɓi inda iska ke bugawa daji ba gari ba. Rabin da ba ya tashi shi ne na ganguna. Dole su gama kafin ruwan farko, in ba haka ba rafi zai kwasa.

Na ce baki ne, kowa na da shi. Bai yi musu ba. Ya ɗebi ƙasa da cokali ya zuba a kwalba, ya kama fara ya jefa, ya toshe, ya ajiye a rana. Na ce ai ko ni aka toshe a kwalba mutuwa zan yi. Ya dube ni, ya ɗauko wata kwalbar, ya ce in ɗebo ƙasar hanya da hannuna, in kama tawa farar. Na kama. Muka zauna a inuwa, agogonsa tsakaninmu. Minti goma sha biyu tasa ta kife tana shure-shure. Tawa na ta dukan kwalba har na buɗe mata.

Sai ya ce abin da ke damunsa shi ne ramin da suka tarar a wurin ranar da suka zo. An riga an kwashi ƙasa mai yawa, akwai sawun fartanya. Ya tambayi gari, tun daga Mai Unguwa har mai awon gishiri, kowa ya ce zaizayar ruwa ce.

Ƙarfe huɗu na yi sallama gidan Hajara. Ta fito dafe da bango, ta rame sai ciki, idanu jajur.

"Inna, sannu da hanya. Shigo ki ga ɗakina, an yi mini sabon daɓe."

Daɓe ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, sumul, ya sha makuba yana ƙyalli. Ɗaki mai taga ɗaya kamar tafin hannu, ya yini a rufe cikin zafin nan. Na durƙusa na kai hancina ƙasa. Warin bakin hanya ne.

Ta ba ni labari da murnarta. Gara ta cinye mata tabarmi biyu da ƙafar gado. Matan gari suka ce ga ƙasar da gara ke tsoro, suka yi gayya bayan girbi, suka ɗebo a ƙorai, suka daɓe ɗaki bayan ɗaki da waƙa da guɗa. Nata suka fi cika wa, don mai ciki ce, kada ƙwaro ya taɓa jariri. Maza suka ga haka suka yaɓe cikin rumbuna da ita kafin a zuba dawa. Da ma'aikata suka zo, Mai Unguwa ya tara gari aka yi shawara kowa ya kama bakinsa. Waɗansu na tsoron a rushe musu rumbu, waɗansu na cewa in ba ta da daraja me ya sa gwamnati ke ɗura ta a ganga.

Na jawo gadonta da kaina na fitar ƙarƙashin rumfa.

Kafin magariba mijinta Isiyaku ya dawo gona. Mutumin kirki ne, tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya tsuguna bayan zana ya gaishe ni, ni ina wannan gefen. Ya daɗe yana kewaye kafin ya zo kan magana.

"Inna, ki rufa mana asiri. Abincin shekara ne a rumbun nan. In suka binne shi, me zan ba ta da damina? Garin nan kuma da baki ɗaya aka yi magana."

"Ba da nawa ba."

"A bar ta ta riƙa kwana waje. Warin zai fita."

"Dawar fa? Ita ma waje za ta riƙa kwana? Tuwonta take ci, Isiyaku."

Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai ranar. Na ce na ba shi zuwa hantsi ya je ya faɗa da bakinsa, ya fi masa mutunci.

Alhamis da Juma'a: a ƙauye

Hantsi ya yi, ya ɗauki gatari ya bi ta bayan gida. Ƙarfe tara na yafa mayafina na tafi bakin rami. Mai Unguwa na zaune ƙofar gidansa, ya kira ni ya ce baƙo ba ya gyara gari a kwana ɗaya. Na ce ranka ya daɗe, ba gari na zo gyarawa ba, ɗaki ɗaya ne, kuma ni na haifi mai shi.

Duba-gari ya zo da mutum biyu, ya tsaya ƙofar ɗakin bai shiga ba, don ɗakin matar aure ne, mai gida kuma ba ya nan. Mata sun cika tsakar gida suna kallo. Na karɓi diga, na ɗaura jiƙaƙƙen tsumma, na shiga. Sara na farko ya fi kowanne wuya, daɓen ya yi tauri kamar dutse. Da ya tsage, wari ya taso har na ja baya ina tari. Maryamu ce ta fara ɗaukar ƙwarya ta tsaya bakin ƙofa don kwasar ƙasar. Wata tsohuwa, wadda aka ce ita ta ja waƙar gayya, ta ce na zo daga birni ina rusa aikin mutane. Na miƙa mata gutsuren daɓe na ce ta sa a hanci ta ƙirga goma. Ta kai huɗu. Ta zauna a turmi ta ce ashe shi ya sa jikokinta ke tari tun kaka.

Mun haƙe taƙi guda da ɗan yatsa har muka kai ƙasa mai ƙanshin ƙasa, aka kwashe zuwa fa. Aka yaye jinkar ɗakin don rana ta shiga. Rumbu kuwa ba a iya masa da sauƙi ba. Dammunan da ke jingine da bango, kusan rabi, aka haƙa rami mai zurfi nesa da rafi aka binne. Na tsakiya aka baza a rana, ya ce ko su kada a ci sai an kai samfuri an duba, in ya so a yi iri da su. Na tambaye shi wa zai ciyar da gidan. Ya ce zai rubuta. Na ce ya rubuta a gabana. Ya rubuta da Hausa, na karanta, na kwafe a littafina da sunan ranar. Ko takardar za ta haifi hatsi, ban sani ba, ban kuma sa rai ba.

Zuwa yammacin Juma'a gida biyar suka fito suka faɗi gaskiya. Ni kuwa na zaga gaisuwa gida gida, na ƙirga sabon daɓe a gida tara. Na gaya masa. Ya ce ba shi da ikon shiga ɗakin da ba a kira shi ba.

Asabar da Lahadi: komowa

Na ce zan tafi da Hajara goyon ciki, ba wanda ya musa. Ƙarfe shida na safe Isiyaku ya ɗora ta a jaki, ya ɗauki akwatinta a ka, ya bi mu mil huɗun nan. A Kuyello ya sauke akwatin, ya yi wa matarsa sallama, ni kuwa ƙasa ya duba ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na amsa. Mutum ne da na binne wa rabin abincinsa, ban nemi fiye da haka ba.

Mun kwana Birnin Gwari. Lahadi ƙarfe biyu da rabi na rana muka sauka Kaduna, ban kai ta gida ba sai da muka biya asibiti. Ungozoma ta kafa ƙahonta na sauraron ciki a cikin Hajara, ta daɗe tana saurare, ni ina kallon fuskarta ko za ta ɓoye mini wani abu. Ta ce zuciyar jaririn na bugawa, da ƙarfinta, amma mu riƙa zuwa duk mako. Na ce ta ba ni in ji. Ta ba ni. Na ji.

Ƙarfe biyar muka shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da mutum biyu. Na gode wa Maryamu, wadda za ta ci gaba da kwana a garin bayan ta ɗauki ƙwaryar farko, da saurayin nan da ya bar tsohuwa ta kama farar kanta. Saura gida huɗu. Ban rubuta sunan ƙauyen ba don kada a ce na tona asirin surukaina, amma duk wadda ke da 'ya tana aure gaba da Kuyello, kada ta aika takarda tana tambayar lafiya. Ta je, ta shiga ɗakin da tsakar rana, ta durƙusa.