Su Suna da Taga

Jiya a gidanmu na unguwar Tremont ina kallon hotunan wani tsohon asibitin masu taɓin hankali da aka yi watsi da shi. Gadaje duk tsatsa, hasken rana ya faɗo ta doguwar taga. Har kyau suka yi mini.

Yaya Sani, wanmu mai fama da wannan ciwon, ya leƙo wayata.

Na ce, "Dubi inda suke zubar da 'yan uwansu. Mu ba ma haka."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Su suna da taga, Hadiza. Ɗakin da kuke rufe ni idan an yi baƙi ba shi da ita."

Ni ce nake murza makullin.

Ku faɗi gaskiya, gidanmu ne kaɗai?