Malamin da Ke Tsaye

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, aka ce kowane yaro ya shiga boko, ɗana na fari ya dawo daga jami'a, ya ce ya gama. Na yi waina, na raba wa duk unguwarmu ta Manawashi. Ba a yi wata biyu ba sai ga shi ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Inna, zan koma karatu. Shekara ɗaya."

"Wanda ka gama fa?"

"Wancan na sani ne. Wannan na koyon koyarwa ne. Sai mai digiri ake ɗauka, a ƙarshe kuma a tura mutum aji a gwada shi."

Na dube shi, na daɗe ina dubansa. Ni ban taɓa jin inda aka koya wa mutum abu, sannan aka sake koya masa yadda zai faɗe shi ba. Zuciyata ta ce yaron nan faɗuwa ya yi, kunya ce ta hana shi gaya mini.

Ya tafi, damina ta wuce, kaka ta wuce. Rannan baffansa ya zo da labari, wai an gan shi a garin Kwadon, an sa shi aji biyu na firamare. Aji biyu, mutum da gemunsa. Ranar kasuwa na ɗauki daddawata na shiga mota.

Na leƙa ta taga. Ga yara cike da ɗaki, ga ɗana a tsaye gaban allo, yana ta magana yana gumi. Can baya wani dattijo a zaune, ya miƙe ƙafa, yana rubutu. Mu dai a saninmu malam zama yake yi, mai laifi ne ke tsayuwa. Nan na tabbatar dattijon ne malamin, ɗana kuwa hukunci ake masa.

Da aka tashi na tare mutumin a gindin dalbejiya, na gaishe shi.

"Malam, ni na haifi wancan. Kada ka rufe ni. Faɗuwa ya yi?"

Ya yi murmushi. "Baba, ai shi ne malamin. Ni aiko ni aka yi in ga ko yaran na fahimtarsa. Digirinsa kam ya ci, na ga takardar da idona."

"Wannan ɗin fa?"

"Ban sani ba tukuna. Sauri ya yi masa yawa, na baya ba sa bin sa. Zan sake zuwa."

Da ya yabe shi duka, da na ce bakinsu ɗaya. Amma saurin bakin nan na san shi, tun yana ƙarami nake fama da shi. A kan wannan aibin na yarda da sauran maganar.

Ɗana ya fito da farin alli a hannun rigarsa, ya gan ni, ya tsaya cak.

"Inna, lafiya?"

"Kasuwa na zo," na ce. "Ka rage sauri."