Daraktan da Ya Sa Na Zama Tafintar Kaka

Ranar wata Asabar ce ta lokacin zafi, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, na dawo daga laburaren unguwarmu a garin Beltsville, can ƙasar Turawa, da wani tsohon kaset ɗin bidiyo. Na tarar da Hajiya Kaka, mahaifiyar babana, a ƙarƙashin bishiyar bayan gida tana tsinke alayyahon da ta shuka a jikin shinge. Watanta uku ke nan da zuwa daga Kano, kuma a safiyar ta ce wa Baba ya nema mata tikitin komawa, domin gidan babu abokin hira. Gaskiyarta ce. Ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake amsa mata.

Fim ɗin na zamanin da ne, baƙi da fari, babu magana sai rubutun da ke fitowa jefi-jefi. Ina cikin kallo ta shigo da tirenta ta zauna. Da rubutu ya fito sai ta taɓa ni, "Takwara, me suka ce?" Na yi ta kame-kame ina harhaɗa kalmomi, tana gyara mini ba tare da ta ɗauke ido daga talabijin ba. Da aka zo inda wata uwa ke raka ɗanta tashar jirgin ƙasa, aka nuna hannunta kawai yana gyara masa wuyan riga, Kaka ta ajiye alayyahon ta ce, "Wanda ya tsara wannan ya san uwa."

Ta matsa sai na gano mata ko wane ne. Na aro littafin tarihinsa, kullum bayan mun gama wanke-wanke in karanta shafi biyu in juya mata da Hausa. Ɗan baƙin haure ne, ya fara da kafinta yana haɗa katakon ɗakunan fim, har ya kai ga ba da umarni. Da masu kamfani suka ce ya canja ƙarshen wani labari don mutane su fita suna dariya, ya ƙi, aka kore shi, ya yi shekaru yana zaune. Bayan fim mai magana ya shigo aka sake nemo shi, ya yi aiki har idonsa ya raunana. Kaka ta jinjina kai ta ce, "Kafinta ne ai, ba zai yarda a ba mutane kujera mai ƙafa uku ba."

Ba ta tafi ba sai da sanyi ya kama, bayan mun kalle duk kaset ɗinsa da ke laburaren. A filin jirgi da Hausa na yi mata sallama, har da tsokana.

Yau finafinan nan duk suna cikin wayata, tas babu ɗigon hazo, 'ya'yana kuma kowa na ɗakinsa da abin ji a kunne. Kaka ta rasu da daɗewa. Ashe kallo ma, kamar tuwo, ya fi daɗi a kwano ɗaya.