Bututun Ɗakin Marigayi

A unguwar Rumaisiyya ta Kuwait, in iskar gida ta fara wari, Hilmi ake nema. Mutumin Suhaj ne daga Masar, ya zo da ƙuruciyarsa yana riƙe wa masu gyaran na'urar sanyi tsani, har ya zama shi ne mai wanke bututun iskar da ke bin cikin silin. Yanzu gemu ya yi fari, Abu Sharif ake ce masa. Ba ya kwance ragar bakin bututu sai ya tsaya a tsakar falo ya shaƙi iska tukuna. Baƙin dattin da ke kewaye da bakin raga, ƙurar da ke dawowa kan teburi da an goge, atishawar yara da safe, duk yana karanta su. Gidan da bai kai wanki ba kuwa, sai ya naɗe kayansa ya ce a neme shi baɗi. Da wannan yake tinƙaho a shagon shayi.

Wata bazara wani ma'aikacin banki, Badar, ya kai shi gidan mahaifiyarsa, wadda tari ya hana sakat. Suka tarar da tsohuwar a bakin ƙofa da sanda.

"Wa ka kwaso mini kuma?"

"Mai wankin bututu ne, Umma."

"To ya wanke na gidanku. Nawa lafiyarsa lau."

Hilmi ya yi murmushi. "Hajiya, ko shayi ba za a ba baƙo ba?"

Ta harare shi, amma ta sa aka kawo, har da dabino. Yana kurɓa yana lura. Iskar falo warin danshi take yi, amma daga wani ɗaki da ke rufe ƙamshin turaren icce ne ke fitowa. Ya tambaya a hankali. Ta ce ɗakin maigidanta ne, wanda ya rasu bara. Lokacin da yake raye, kullum bayan la'asar yakan ƙona turare a ciki, har ƙamshin ya kama bututun. In na'ura ta tashi, sai ta ji kamar yana nan.

"Ku kuma so kuke ku kankare mini shi."

"Bari in duba tukuna, Hajiya. Abin da na gani shi zan faɗa miki."

Ya hau tsani da tocila. Bututun falo da na ɗakin kwananta duk fumfuna ta cinye su, saboda ruwa na ɗiga daga wani haɗi. Na ɗakin marigayi kuwa a bushe yake, sai ɗan baƙin hayaƙi. Ya sauko ya nuna mata tsumman da ya goga a kowanne.

"Wannan ne ke sa ki tari, shi zan wanke. Wancan ba ruwana da shi."

Badar ya so a haɗa duka tunda an zo. Hilmi ya ce shi ba ya wanke abin da bai yi datti ba.

Yini guda ya yi yana aiki, tsohuwar na zaune a kujera tana gadin ƙofar ɗakin. Kafin wata ya fita tarin ya lafa. Ta kira shi a waya da kanta, ta ce ya bar mata sawun takalmi a kafet, ya zo ranar Juma'a ya ci shinkafa da kifi, su yi shari'a.