Mabiya a Gidan Haya

Inna ce ta ja mani wannan aiki. Lokacin muna haya a wani tsohon gidan ƙasa a unguwar Jadid, a kudancin Libiya, a shekarun da Libiya ta buɗe wa baƙi ƙofa, rediyo ba ta da zance sai na Afirka. Babanmu magini ne, daga Damagaram ya kwaso mu. Cikin Yayata ya tsufa. Wata safiya Inna ta tsaya tsakar gida ta ce ita ba za ta binne mabiyar jikanta a ƙasar da ba ta san masu ita ba. In ba a gano mata su wa suka zauna gidan nan ba, Yaya ta hau kamiyo, babbar motar kaya, ta je gida ta haihu.

Kamiyo, da tsohon ciki, a hamadar nan. Inna kuwa in ta faɗa sai ta yi.

Na ce, "Inna, ƙasa ai ƙasa ce."

Ta ce, "Ke da kika yi boko a lakwal, ga Larabci ya zauna bakinki, je ki tambayo. Surutu dai kin iya."

Na fara da mai gidan da muke haya, yana da gareji a unguwar Manshiya. Ko kansa bai ciro daga cikin injin ba, ya ce shi saye ya yi. Mai shagon bakin lungunmu ya fi shi amfani: kafin mu samarin Mali ne masu jiran hanyar arewa zuwa Turai, kafin su wani tela ɗan Sudan, kafin shi soja da iyalinsa. Na kai wa Inna. Ta ce waɗannan 'yan haya ne irinmu, ita 'yan gida take tambaya. Raina ya ɓaci, amma na koma.

Mai shagon ya tura ni unguwar Hajara wurin wata tsohuwa, wai a gidan aka haife ta. Na same ta a gidan bulo na ɗanta, baƙa kamar ni, cikin mayafin matan Fezzan, wato yankin da muke zaune. Ni ban iya doguwar gaisuwa ba, na zube mata abin da ya kawo ni.

Ta ce da Larabci, "Ya binti, 'yata, ku a garinku ba a shan shayi kafin tambaya?"

Sai da na shanye har kumfa, sannan ta ce ba ta ba da labarin gida daga nesa, in kai ta.

A bakin ƙofarmu ta cire takalmi. Ta ɗaga sanda ta nuna azarar rufi, ta ce kakanta ya saro ta daga gonarsa ta dabino. Ɗakin Yaya nan ake jibge dabinon a da, shi ya sa bangon ya yi duhu. Daga nan ta wuce bayan ɗaki, inda muke ajiye gawayi, ta sa na janye buhun. Ta buga ƙasa da sanda.

"Nan tawa mabiyar take. Nan ta ƙanena, yana Tarabulus, ya manta. Nan ta mahaifiyata."

Ta bi jikin bango tana bugawa, ina fassara wa Inna. Wannan ya rasu a goye. Wannan ta tafi Makka ba ta dawo ba. Waɗannan tagwaye ne, rami ɗaya. Kakarta ce ta binne yawancinsu. Tana yarinya aka kawo ta daga kudu cikin ayari, da ƙafa ta keto hamada, ta tsufa tana karɓar haihuwa a unguwar. Na bar fassarar, na bi gindin bangon da kallo. Ni da kullum nake share wurin nan da sauri in tafi harkata, ashe jama'a ce jere a gindin bangon, tun kafin a haifi Baba.

Tsohuwar ba ta jira ni ba. Ta nuna wa Inna da hannu: a wanke, a naɗe a tsumma, sannan ta lanƙwasa tafinta ta kifa shi bisa ƙasa. Fasasshen kasko ake kifawa a kai. Inna ta durƙusa inda bakin wani kasko ya ɗan leƙo daga ƙasa, ta dafa shi, ta daɗe ba ta ɗaga hannu ba.

Ta ce, "Haka kakarku take yi, babu bambanci." Ta juyo gare ni. "Tambaye ta, akwai sauran wuri?"

Na tambaya. Tsohuwar ta auna da sandarta daga na ƙarshe, ta ja layi.

"Nan. Amma ranar a aiko mani, kada ku yi ba ni."

Yaya ta haihu wata Juma'a da hantsi, mace. Inna ta fasa kaskonta na suyar gyaɗa, wanda ta taho da shi daga gida. Tsohuwar ta zauna bisa buhun gawayi tana gyara mana, ta ce zurfin bai kai ba. Ni nake haƙan, na ƙara.